Waswasi mai tsanani: raunin imani ne, aikin aljanu ne, ko ciwo ne da yake da magani?

Shin mutumin da yake shafe rabin sa'a a bakin famfon masallaci yana maimaita alwala har liman ya sallame, mai tsananin taƙawa ne, ko mai raunin imani ne da Shaiɗan ya samu galaba a kansa, ko kuwa marar lafiya ne da ya kamata a kai shi wurin likita? Tambayar ba sabuwa ba ce, domin da wuya a yi zaman amsa tambayoyin addini a rediyo, ko bayan tafsiri a watan azumi, ba a samu wanda ya aiko da takarda yana kukan waswasi ba. Abin da ya sake taso da maganar a 'yan shekarun nan shi ne yadda haruffan nan uku, OCD, suka shiga bakin matasa a kafafen sada zumunta, inda za ka ji budurwa ta ce tana da OCD saboda ba ta son ganin takalma a warwatse a ƙofar ɗaki, ko saurayi ya faɗi haka saboda yana son a goge masa kaftani da kyau. Wasu sun mayar da sunan ciwon abin ado, wasu kuma suna ɗaukar ciwon laifin mai shi, su kuwa ainihin masu fama da shi mafi yawansu sun yi shiru, domin abin da yake kai-komo a zukatansu ba irin wanda ake faɗa a bainar jama'a ba ne.

Mene ne ainihin wannan ciwo

OCD taƙaitaccen suna ne na Turanci. Likitocin ƙasashen Larabawa suna kiransa alwaswasul ƙahri, wato waswasi mai rinjayar mutum, kuma wannan sunan ya fi kusa da abin da Bahaushe ya sani. Ciwon yana da ɓangare biyu da suke ciyar da juna. Na farko shi ne tunani ko hoto ko shakka da yake kutsowa cikin zuciyar mutum ba tare da ya gayyato shi ba, ya kuma riƙa dawowa duk da ƙyamar da yake yi masa, yana tayar masa da hankali. Na biyu shi ne aikin da mutum yake jin tilas ne ya yi domin ya samu sauƙin wannan tashin hankali, kamar wanke hannu, da komawa duba kwaɗon shago, da ƙirge, da maimaita wata kalma a zuci, da tambayar mutane ko an tabbata babu komai.

Ba kowane mai shakka ne yake da ciwon ba. Ma'aunin da likitocin ƙwaƙwalwa suke aiki da shi shi ne a ga abin yana cinye wa mutum lokaci mai yawa, kamar fiye da sa'a guda a kowace rana, ko yana jefa shi cikin ƙunci mai tsanani, ko yana hana shi aiki da karatu da zama da iyali. Wanda ya koma sau ɗaya ya duba ko ya kashe tukunyar gas, ya gani, ya tafi harkarsa, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya koma sau tara, ya ɗauki hoton makunnin da wayarsa, ya hau ɗan sahu ya kai rabin hanya sannan ya ce a juya da shi gida, wannan shi ne ake magana a kansa. Haka kuma mai son tsafta da tsari yana jin daɗin tsaftarsa, har ma yana alfahari da ita, alhali mai wannan ciwo ba ya samun daɗin komai daga wankin da yake yi. Yana yi ne kamar wanda aka tsare da bulala.

Ƙiyasin masana ya nuna cewa kusan mutum 2 cikin kowane 100 za su gamu da ciwon a tsawon rayuwarsu. Yawanci yana farawa ne a ƙuruciya ko farkon balaga, sau da yawa kafin a cika shekara 25, kuma yakan riga kama yara maza da wuri fiye da mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware masa babi na kansa tare da danginsa a sabon kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022.

Abu ɗaya da ya kamata a fahimta tun da wuri shi ne wannan ciwo ba hauka ba ne a ma'anar da jama'a suke nufi. Mafi yawan masu fama da shi sun san sarai cewa abin da suke yi ya wuce hankali, kuma wannan sanin shi ne yake ƙara musu kunya da ɓoyo.

Yadda yake bayyana a tsakaninmu

Ciwon iri ɗaya ne a duk duniya, amma yakan ari rigar wurin da ya sauka, kuma yakan kama mutum ne ta abin da ya fi daraja a wurinsa. A cikin al'ummar da take salla sau biyar a rana, ba abin mamaki ba ne a ga ya fi fitowa ta tsarki da ibada. Na taɓa zama unguwa ɗaya da wani matashi wanda kowa ya san shi a bakin famfo. Yakan cika buta, ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya kai ga fuska, sai ya tsaya cik yana kallon ƙasa, sannan ya zubar da sauran ruwan ya sake cikawa, domin bai tabbata ko ya yi niyya ba. Fatar hannunsa ta yi fari ta tsattsage kamar ƙafar da hunturu ya kama. In ya samu ya shiga sahu, sai kuma a shiga wata wahalar, domin zai ɗaga hannu ya yi kabbarar harama, ya sauke, ya sake ɗagawa, har na kusa da shi su fara tsaki. Yara sun sa masa suna, manya kuma suna cewa ya cika tsanani, amma babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa ciwo ne.

Akwai mai shakkar ɗigon fitsari, wanda yake canza wando sau huɗu a rana. Akwai wadda take shafe sa'a biyu a wankan janaba ko na haila har ruwan randa ya ƙare. A watan azumi akwai mai yini yana tofar da yawu don tsoron kada ya haɗiye wani abu. Akwai magidancin da kalmar saki take faɗo masa a rai duk lokacin da ya kalli matarsa, ya riƙa bin malamai ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ko aurensa yana nan. Mafi nauyi a cikinsu duka su ne waɗanda munanan kalmomi game da Allah ko Manzonsa ko Alƙur'ani suke kutso musu, su yi ta maimaita kalmar shahada a ɓoye suna ganin sun fita daga Musulunci. Kiristoci ma sun san wannan nau'i tun da daɗewa, domin Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar limaman Jesuit a ƙarni na 16, ya ba da labarin yadda ya riƙa maimaita iƙirarin zunubi ɗaya ba tare da zuciyarsa ta natsu ba.

Akwai kuma nau'in da kusan ba a taɓa jin labarinsa, saboda masu shi sun gwammace su mutu da shi a ciki. Mai jego ce za ta zo wucewa ta gefen rijiya da jaririnta a hannu, sai hoton ta jefa shi ciki ya faɗo mata, jikinta ya ɗauki rawa. Daga ranar ta daina bi ta wurin, ta ɓoye wuƙaƙen gidan, ta ƙi yarda a bar ta ita kaɗai da yaron, kuma ba za ta iya gaya wa mijinta ko mahaifiyarta ba, don tana tsoron a ce mayya ce ko a ƙwace mata ɗa. Lokacin ciki da bayan haihuwa lokaci ne da aka san ciwon yana tasowa ko yana ƙaruwa a cikinsa. Irin wannan uwa ba ta son cutar da ɗanta, tsananin firgitar da take yi ma shaida ce a kan haka. Sai dai wajibi ne likita ya gan ta, domin akwai wani ciwon daban, wanda ba kasafai yake faruwa ba, da yake kama wasu mata bayan haihuwa, inda mace take ruɗewa, ta ji muryoyi, ta gaskata abin da ba shi ba ne, kuma shi wannan na gaggawa ne.

Me ya sa maimaitawa ba ta kashe shakka

A nan ne zuciyar maganar take. Mummunan tunani mai faɗowa haka kawai ba na marasa lafiya kaɗai ba ne. A shekarar 2014 wani ayarin masana ƙarƙashin jagorancin Adam Radomsky na Jami'ar Concordia da ke Kanada ya wallafa binciken da ya yi a kan ɗalibai 777 a ƙasashe 13, ciki har da Saliyo da Iran da Turkiyya, inda kusan kashi 94 cikin 100 suka amsa cewa irin wannan tunani yana kutso musu. Ke nan bambancin mai lafiya da marar lafiya ba ya cikin zuwan tunanin, yana cikin yadda aka karɓe shi. Mai lafiya zai ce "a'uzu billahi" ya ci gaba da abin da yake yi. Mai ciwon kuwa zai tsaya ya tambayi kansa me ya sa wannan tunani ya zo masa, me yake nunawa game da halinsa, me kuma zai faru in bai ɗauki mataki ba.

Daga nan sai ya yi ƙoƙarin korar tunanin da ƙarfi, wanda kuma shi ne kuskure na farko. Masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya nuna haka a Amurka a 1987, lokacin da ya umarci mutane da kada su yi tunanin wata farar dabba, su kaɗa ƙararrawa duk sa'ad da ta faɗo musu a rai. Ƙararrawar ba ta huta ba, kuma da aka ɗage musu hanin sai tunanin ya dawo fiye da da. Duk mai son ya gwada, ya hana kansa tunanin farin raƙumi na minti biyar.

Kuskure na biyu shi ne aikin da ake yi don samun sauƙi. Idan matashin nan ya sake alwala, hankalinsa yakan kwanta na ɗan lokaci, kuma wannan ɗan sauƙin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwa tana ɗaukar darasi cewa shakkar gaskiya ce, sake alwalar ce ta tsirar da shi, saboda haka gobe shakkar za ta dawo da ƙarfinta, kuma alwala biyu ba za ta ishe ta ba sai uku. Abin ya yi kama da susar ƙaiƙayi, wadda take da daɗi a lokacin da ake yinta amma ita ce take faɗaɗa gyambon. Masu bincike sun kuma lura da wani abu mai ban mamaki, wato yawan komawa duba abu yana rage wa mutum amincewa da abin da ya gani da idonsa. Wanda ya duba sakata sau goma ya fi wanda ya duba sau ɗaya shakkar ko ya rufe ta.

Daga ina yake tasowa

Babu sanadi guda ɗaya. Gado yana da hannu, domin binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa kusan rabin haɗarin kamuwa yana da alaƙa da abin da aka gada, kuma wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa yake da ciwon ya fi sauran mutane yiwuwar samunsa. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa wata da'irar jijiyoyi da ta haɗa sashen goshi, daidai saman idanu, da wasu sassa na can ciki, tana aiki fiye da kima a wurin masu ciwon, kamar ƙararrawar da take ta kuwwa bayan an riga an kashe wutar. Tashin hankali na rayuwa, kamar rasuwa ko haihuwa ko jarrabawa ko annoba irin ta korona a 2020, yana iya tayar da ciwon da yake kwance. Addini kuwa ba shi ne yake haifar da shi ba, domin waɗanda ba su yi imani da komai ba su ma suna kamuwa, sai dai nasu ya fito ta tsoron ƙwayoyin cuta ko gobara ko lissafi.

Abin da malaman fiƙihu suka riga suka faɗa

Jama'a sun kasu a kan wannan lamari. Wasu suna ganin waswasi daga Shaiɗan yake, kamar yadda Suratun Nasi ta ambata, don haka maganinsa zikiri da ruƙiyya ne, zuwa asibiti kuwa rashin tawakkali ne. Wasu suna danganta shi da aljanu ko sammu, su shiga neman rubutu da hayaƙi. Wasu 'yan boko kuma suna ganin malamai ba su da abin cewa a nan, lamari ne na likita kawai. A ganina wannan jayayya mafi yawanta ba ta da tushe, domin idan aka buɗe littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, za a tarar magabata sun gane wannan matsala, sun kuma ba ta hukunci na musamman.

Littafin Ahalari, wanda yara suke farawa da shi a makarantun ilimi, ya faɗa ƙarara cewa mai waswasi ya bar waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ta ce wanda shakka ta aure shi ya kau da kai daga gare ta, babu gyara a kansa. Masu sharhi sun bayyana cewa wanda ake nufi shi ne mutumin da shakka take zo masa kullum ko da sau ɗaya ne. Abin lura a nan shi ne a mazhabar Malikiyya shakkar karyewar alwala tana wajabta sabuwar alwala ga sauran mutane, amma an cire mai waswasi daga wannan hukunci. Ke nan matashin bakin famfo yana wahalar da kansa ne da hukuncin da ba nasa ba.

Hadisai ma sun zo da abin da ya fi wannan sanyaya zuciya. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wasu sahabbai sun zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce suna jin wani abu a ransu wanda ya fi ƙarfin su furta shi, sai ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, wato ƙyamar da suke yi wa tunanin. A Bukhari da Muslim kuma an ruwaito cewa an yafe wa al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko sun furta ba, sannan mai jin kamar wani abu ya fita masa a salla kada ya juya sai ya ji ƙara ko wari. Shi kansa Annabi da mudu guda na ruwa yake alwala. Tun a ƙarni na 9 zuwa na 10 kuma, malamin nan Abu Zaidin Albalkhi ya rubuta babi guda a kan waswasi a matsayin ciwo na rai wanda ake yi wa magani kamar ciwon jiki.

To, in haka ne, me ya sa fatawa kaɗai ba ta warkar da kowa? Dalili shi ne mai ciwon ba ilimi ya rasa ba. Sau da yawa ya fi wanda yake tambaya sanin mas'alar. Ya san an ce ya kau da kai, abin da ya kasa shi ne kau da kan, kuma tambayar malamai da yake ta yi ita kanta ta zama wata alwalar da yake maimaitawa. Malam ya faɗi abin da ya kamata a yi; aikin mai magani shi ne ya koya wa mutum yadda zai iya yinsa alhali zuciyarsa tana bugawa.

Maganin da ba na sha ba

Kafin tsakiyar ƙarni na 20 likitoci da dama suna ɗaukar wannan ciwo a matsayin wanda ba ya jin magani. A 1966 Victor Meyer, wani masanin halayyar ɗan Adam a asibitin Middlesex da ke Landan, ya wallafa labarin marasa lafiya biyu da ya sa suka tunkari abin da suke tsoro, ma'aikatan jinya kuma suna tare da su suna taimaka musu kada su koma ga ayyukan da suka saba, kuma dukansu suka samu sauƙi mai yawa. Daga baya masana irin su Stanley Rachman da Isaac Marks a Ingila da Edna Foa a Amurka suka inganta dabarar, har ta zama ita ce kan gaba a duniya. Ana taƙaita sunanta da ERP, ma'anarta kuwa tunkarar abin tsoro tare da kamewa daga aikin da ake yi don neman sauƙi.

Ba a farawa da abu mafi wuya. Mai magani da marar lafiya sukan zauna su jera abubuwan da suke tayar masa da hankali daga ƙarami zuwa babba, kamar matakala. Ga mai waswasin alwala, matakin farko yana iya zama ya rage daga buta huɗu zuwa biyu. Daga nan a auna masa ruwa a kofi, ya wanke kowace gaɓa, ya miƙe ya shiga salla ko da zuciyarsa tana ce masa gwiwar hannu ba ta jiƙe ba. Hankalinsa zai tashi ƙwarai, wataƙila har ya yi gumi, kuma ba a so ya kwantar da shi da wata dabara ta ɓoye, kamar sake niyya a zuci. Abin da zai gano da kansa, bayan ya yi haka sau da yawa, shi ne tashin hankalin yana hawa ya kai ƙololuwa sannan ya sauko ba tare da an biya shi komai ba, kuma mutum yana iya rayuwa da ɗan guntun shakka kamar yadda kowa yake yi. Yawanci ana yin zama 12 zuwa 20, amma babban aikin a gida ake yinsa tsakanin zama da zama.

Wasu suna jin tsoron cewa za a sa su saɓa wa addini. Mai maganin da ya san aikinsa ba zai ce wa mutum ya yi salla da najasa ta gaskiya ba. Abin da zai nema shi ne ya yi ibada kamar yadda mahaifinsa da limaminsa suke yi, ba ƙari. Shi ya sa ya fi kyau a haɗa da malami guda ɗaya da marar lafiyar ya amince da shi, ya faɗi iyakar shari'a sau ɗaya, a rubuta, kada kuma a sake buɗe mas'alar.

A 1992 Lewis Baxter da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar marasa lafiya kafin magani da bayansa, suka ga cewa waɗanda suka samu sauƙi ta wannan horo sun nuna irin canjin da aka gani a waɗanda suka samu sauƙi ta shan ƙwayoyi.

Ƙwayoyi da abin da ya kamata a sani game da su

Magungunan da aka tabbatar suna aiki su ne waɗanda suke shafar sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, irin su fluoxetine da sertraline da fluvoxamine da paroxetine, sai kuma wani tsoho mai suna clomipramine, wanda yake da ƙarfi amma ya fi kawo bushewar baki da jiri da taurin bayan gida. Su ne dai ake bayarwa a ciwon damuwa, sai dai a nan akan buƙaci adadi mafi yawa da kuma haƙuri mafi tsawo, domin sai an yi mako 8 zuwa 12 ana sha kafin a yanke hukuncin ko maganin ya karɓi mutum. A nan ne da yawa suke faɗuwa, su sha na mako biyu, su ga babu canji sai tashin zuciya, su ajiye. Kusan rabin waɗanda suka sha maganin farko yadda ya kamata suna samun sauƙi a bayyane, sauran kuma akan canza musu wani ko a ƙara da ɗan kaɗan na irin su aripiprazole ko risperidone. Bayan an samu sauƙi akan ci gaba da sha aƙalla shekara guda, kuma ba a dainawa rana ɗaya, sai likita ya rage a hankali.

Waɗannan magunguna ba sa sa maye kamar tiramol, kuma ba irin waɗanda za a shiga kemis a ce a ba da ba ne. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon zuciya dole su sanar da likita halinsu, sannan a sa ido a kan matasa a makonnin farko. Magungunan barci irin su diazepam, waɗanda wasu suke saye don su samu natsuwa, ba sa maganin wannan ciwo, sai dai garin neman gira a rasa ido, mutum ya wayi gari da jaraba a kan ciwonsa na asali.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce ba kowa ne yake rabuwa da ciwon kwata-kwata ba. Da yawa yakan lafa musu ne har su koma aiki da karatu da ibada cikin natsuwa, ya kuma ɗan leƙo a lokacin wata damuwa, amma wanda ya koyi dabarar tunkara ya san abin da zai yi in ya ji alamarsa.

Tausayin da yake ƙara ciwo

Iyali sukan shiga cikin ciwon ba su sani ba. Uwa ce za ta riƙa ɗebo wa 'yarta ruwa bokiti bayan bokiti, mata ce za ta amsa wa mijinta sau ashirin a dare ɗaya cewa bai furta saki ba, ƙane ne za a tsayar ya ƙirga wa yayansa raka'o'i. Duk don tausayi ake yi, amma kowace amsa tana aiki ne kamar ƙarin susa. Faɗa da gori su ma ba sa haifar da komai sai ƙarin ɓoyo. Hanyar da masu magani suke koyarwa ita ce a yi yarjejeniya tun hankali yana kwance, a kuma janye taimakon a hankali. Idan ya sake tambaya, matar tana iya cewa, "Maigida, na san hankalinka a tashe yake, amma mun yi alkawari ba zan sake amsa wannan tambayar ba; zo mu zauna har ya wuce."

Ina za a nufa

A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano, ban da sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. A Nijar akwai irin wannan sashe a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya na a mutunta shi a riƙe sirrinsa. Sai dai doka daban, ma'aikata daban. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne ga al'umma fiye da miliyan 200, waɗanda suka ƙware a dabarar ERP kuwa sun fi haka ƙaranci, don haka mafi yawan waɗanda suka je asibiti ƙwayoyi za su fara samu, sai sun tambaya da bakinsu ko akwai masanin halayyar ɗan Adam da zai yi musu horon.

Wanda zai je ganin likita ya tafi da lissafin sa'o'in da abin yake ci masa a rana, ya kuma faɗi ainihin tunanin komai muninsa, domin da yawa sukan tsaya a kan "ba na barci" ko "gabana yana faɗuwa", a ba su maganin abin da ba shi ne ciwon ba. Likitan ƙwaƙwalwa ya ji irin wannan tunani daga bakin mutane da dama kafin shi, kuma akwai ma'auni mai tambayoyi 10 da aka fitar a 1989, wanda ake auna tsananin ciwon da shi daga 0 zuwa 40 don a ga ko magani yana aiki. Ciwon damuwa yakan biyo bayan waswasin da ya daɗe, saboda haka idan mai fama da shi ya fara cewa ya gaji da rayuwa ko mutuwa ta fi masa, ba a jiran ranar da aka ba shi ta komawa asibiti, a ranar ake kai shi.